Kurar da Ta Wuce ta Gabana

Litinin, 3 ga Maris

Shekara goma sha tara ina roƙon fitila. Fitilar tebur kawai, mai wuyan da ake lanƙwasawa, irin wadda ko ɗan koyo a wannan sana'a tamu ta duba rubutu ya kamata ya samu. Sau shida na rubuta wa tsohon mai maɗaba'ar nan takarda, har ya mutu bai saya ba. Ɗansa ya hau kujerar manaja, na rubuta masa sau biyu, ya ce za a duba. Yau na dawo aiki bayan wata bakwai ina jinya, ga fitila a kan teburina, sabuwa fil, ko ledarta ba a cire ba. Ashe jira ake idona ya lalace.

Sun sauko da teburin nawa ƙasa saboda matakala. Kusa da taga, kusa da banɗaki. Kowa tagar yake yabo. Babu wanda ya ambaci banɗakin, amma na auna, taku tara ne.

Sannu ashirin da uku na ƙirga kafin ƙarfe goma. Sannu Malam. Sannu da jiki. Sannu da ƙoƙari. Mutanen da a da in sun hango ni sai su canja hanya, yau har rige-rigen buɗe mini ƙofa suke yi. Tir.

Talata, 4 ga Maris

Manaja ya tara ma'aikata a gaban inji ya yi jawabi a kaina, ina zaune. Ya karanta ciwon nawa a waya, har sunansa ya iya faɗa: em-es. Ya ce musu jikin mutum ne ke cinye rigar jijiyoyinsa, kamar ɓera ya gaigaye robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa ɓacewa a hanya. Misalin nawa ne. Ni na faɗa masa a asibiti, ranar da ya zo da lemo cikin kwando. Ko a nan ma bai ambaci inda ya samo ba.

"Baba, nan gidanka ne," in ji shi. "Daga takwas zuwa ɗaya kawai. In ka gaji ka kwanta, ga doguwar kujera an sa a ɗakin ajiya."

Ban haife shi ba, amma Baba.

Abu ɗaya na tambaya: wa zai riƙa sa hannu? A gidan nan ba a kai shafi inji sai mai duba na ƙarshe ya rubuta "Na duba" a ƙasansa ya sa hannu. Shekara talatin da ɗaya hannuna ne. Da nake jinya Manaja ke sawa, kuma na ga abin da ya fito, Allah ya jiƙan nahawu.

Ya ce, "Kai mana, Baba. Wa ya isa?"

Da sauri ya faɗa. Har ya yi sauri da yawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Sha biyu da kwata jiki ya mutu kamar an zare wuta. Na kwanta a kujerar tasu, tsakanin kwalayen takarda. Wani ya lulluɓe ni da mayafi. Ban buɗe ido na ga ko waye ba, don kada sai na gode.

Litinin, 10 ga Maris

Mutum ɗaya ne bai ce mini sannu ba har yau: Baƙin Mai, mai kula da inji. Tare muka fara aiki a nan, kuma tun lokacin ba mu taɓa rabuwa lafiya ba. Ya dubi sandata ya ce, "Ƙugiya, yanzu ka cika. Da a baki kake da ita, yanzu har a hannu."

Su suka sa mini Ƙugiya, saboda masifar da nake yi a kan ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Na ce masa ya je ya wanke farcensa kafin ya yi magana da mai digiri. Ya ce digirin da ya ƙare a duba rasit da kalanda, ai gara farcen. Wannan ce kaɗai maganar mutunci da na ji tun da na dawo.

Gaskiya ya faɗa. Ni na fi kowa maki a ajinmu. Wanda nake rubuta wa aikin gida yanzu farfesa ne, kuma har yau bai san inda ake raba "ba ya" da "baya" ba. Littafinsa ya biyo ta teburina shekara huɗu da suka wuce. Kuskure ɗari biyu da shida. A shafin godiya matarsa ya gode wa.

Ita kuwa Kura, shayi ta kawo mini. Ita ke shirya shafuka a kwamfuta, daga hannunta suke zuwa teburina. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tana sabuwa, ta buga a littafin tsabta na 'yan firamare: "A rufe abinci saboda kura." Ƙura ake nufi. Na zagaye shi da jan biro, na zana kura mai haƙora tana leƙen tukunya, na liƙa a allon sanarwa. Mako uku yana nan. Shekara guda cur kowa Kura yake kiranta. An ce ta yi kuka a banɗaki. To, ba ta sake yi ba, ai koyarwa ke nan. Yanzu kowa ya koma ce mata Malama, ni kaɗai nake riƙe da sunan, shi ma a cikin littafin nan.

Ta ajiye shayin ta ce, "Malam, babu zafi sosai, na ji an ce zafi na tayar muku da ciwon."

Muku. Mun zama ƙabila.

Laraba, 12 ga Maris

Na ce a canja mini biro, wannan ya kwana biyu, jansa ya koma kalar tsatsa. Aka kawo sabo. Shi ma tsatsa. Na buɗe baki zan fara faɗa, sai na rufe idon dama da hannu. Ja zur.

Na buɗe. Tsatsa.

Likita ya faɗa mini tun a asibiti cewa jan launi ne ke fara gudu. Na ɗauka surutun likitoci ne. Ban faɗa wa kowa ba. Na ce wa mai kawo kaya wannan ya fi dama-dama.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ta zo da 'ya'yanta. Ta ƙara manna wani ƙarfe a bangon banɗakin gida, na kamawa. Gidana ya fara kama da motar haya.

"Baba, ka gode wa Allah da irin wurin aikinka. Wata a unguwarmu wata biyu kawai ta yi suka sallame ta."

Na ce ita aƙalla an gaya mata gaskiya.

Mai ɗakina tana ninke kaya, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, kai ko aljanna aka kai ka sai ka sami kuskure a allon ƙofa."

Na ce in akwai, ai sai a gyara.

Likita ma ya ce ciwon nan ya fi kama masu ashirin da talatin, ni sai da na haura hamsin da bakwai ya bayyana sosai, wataƙila ya daɗe yana laɓe. Ko a ciwo ma na makara.

Talata, 18 ga Maris

Littafi na farko da na sa wa hannu tun dawowata ya fito daga inji. Jagoran kiwon kaji, shafi sittin da huɗu. Na zo da shi gida, na bi shi da gilashin ƙara girma na Auta, layi-layi, kwana biyu zan yi ina bi in ya kama. Zuwa yanzu ko ɗigo babu. Ƙwai da ƙugiyarsa, ɗan tsako da tasa.

To ina masu sannu? Da ido ɗaya da rabi na fi su duka.

Na ci abinci sosai yau. Mai ɗakina har ta tambaya ko lafiya.

Alhamis, 20 ga Maris

Ɓurɓushin magogi.

Na je ɗauko tsohon fayil na kajin don in duba wani abu, na buɗe, sai ga ɓurɓushin magogi a tsakanin shafukan gwajin. Ni ba na aiki da fensir. Ban taɓa ba. Mai fensir mutum ne da bai yarda da kansa ba. Na karkata shafin a ƙarƙashin fitilar tasu, sai ga sawun ƙananan alamu a gefe, an goge su da kyau, amma takarda ba ta mantuwa.

Wataƙila na marubucin ne.

Marubucin bai taɓa ganin wannan fayil ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na shiga ɗakin kwamfuta ban yi gyaran murya ba. Manaja da Kura suna magana, suka yi tsit. Sai Manaja ya ce, "Baba! Fankar ta isa kuwa, ko a ƙaro?"

Ƙarfe ɗaya nake tafiya. Inji ba ya tashi sai uku. Me shafukana ke yi a awa biyun nan?

Litinin, 24 ga Maris

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, kuma ina rubuta shi nan don in na mutu a san da gangan ne.

Littafin zamantakewa na aji uku, kwafi dubu biyar. Shafi na sha takwas, kan babi, manyan haruffa da ko makaho zai shafa ya ji: "Yadda Ake Karɓar Baki." Baƙi ake nufi. Na gan shi sarai. Hannuna ya tafi da kansa, na janye shi. Na bar shi haka, na rubuta "Na duba," na sa hannu.

In ya fito da kuskuren, babu mai bin bayana, ni ne idon ƙarshe kamar yadda aka ce, kuma yara dubu biyar za su koyi karɓar baki saboda ni. In ya fito a gyare, to wani na bin bayana da tsintsiya kamar akuyar da aka bari ta shiga falo.

Ban san wanne nake roƙo ba.

Laraba, 26 ga Maris

Sau biyu na tashi zan je in ce a tsayar da shafi na sha takwas. Sau biyu na wuce banɗaki. Taku tara.

Ƙafar hagu kamar an cika ta da yashi. Yatsu suna ta tsiyayar ƙaiƙayi.

Juma'a, 28 ga Maris

"Yadda Ake Karɓar Baƙi."

Ƙugiya tsaf, kamar an haife ta a wurin.

Baƙin Mai ne ya miƙo mini kwafin yana ɗumi daga inji. Bai yi tsokana ba. Bai ma dube ni ba. Ashe har da shi.

Litinin, 31 ga Maris

Zan rubuta yadda abin ya faru, ba tare da na gyara wa kaina ba.

Ban tafi ƙarfe ɗaya ba. Na fita kamar kullum, na zauna a shagon mai gyaran takalmi na ƙetaren titi har biyu saura kwata, ina kallon ƙudaje, sannan na dawo. Kura na zaune a teburina. A teburina, ƙarƙashin fitilata, shafukan da na sa wa hannu da safe a gabanta, fensir a hannu, ruwla tana bin layi da ita daga ƙasa zuwa sama. Ni na koya mata karatu daga ƙasa, don kada ma'ana ta ruɗi ido.

Ta miƙe har fensir ya faɗi.

Na ce, wa ya ba ki izinin taɓa shafin da na sa wa hannu?

"Malam, zauna tukuna, ka sha rana."

Na ce kada ki ƙara ce mini zauna. Na ɗaga murya, na sani. Na ce ko kin ɗauka ban ga baƙin shafi na sha takwas ba? Da gangan na bar shi! Tarko na ɗana, kuka faɗa!

Ta ce, "Na sani, Malam. Akwai ɗigon jan biro a gefensa. Ka taɓa wurin ka ɗaga."

Hannun nan nawa. Ko cin amana bai iya ba.

Manaja ya sauko a guje yana Baba, Baba, laifina ne, ni na ce a yi, don kawai a rage maka nauyi, ba wani abu ba ne, ɗan abin da ba a rasa ba. Na ce masa ya yi mini shiru, da ma'aikaciya nake magana. Na ce mata nawa ne? Ta dubi Manaja. Na ce kada ki dube shi, ni na tambaye ki. Nawa?

Ta buɗe jakarta ta fito da ƙaramin littafi. Ta rubuta komai: kwanan wata, aiki, shafi, layi. Yadda na koya mata.

Kaji: talatin da ɗaya. Kajin da na ci abinci a kansu.
Littafin aji uku: arba'in da huɗu, ban da na ganganci.
Duka tun ranar da na dawo: ɗari da tara.

Kusan duk ƙugiya. Kaɗan waƙafi da aya, su ma na daina bambance su, ashe.

Ina bin jerin da gilashi, sai na zo kan wani layi da ta rubuta da ƙananan haruffa fiye da sauran, kamar tana so ya ɓuya. Littafin aji uku, shafi na arba'in da biyu, layi na shida: "Ka rufe tagogi idan kura ta taso."

Na ce a kawo shafin gwajin. Aka kawo. Ga shi nan. Kura, tsirara, ba ƙugiya. A ƙasa kuma "Na duba," da hannuna, har da ɗan jan layin da nake yi a ƙarƙashi don isa.

Na jira. Wallahi na jira ta yi ko murmushi ne. Shekara goma sha ɗaya, ga dama ta zo har gida. Da ta yi dariya da na san inda nake tsaye. Sai ta ce, "Harafin littafin ƙanana ne, Malam. Kowa zai iya tsallake shi."

Ban taɓa jin ƙyama irin ta lokacin ba. Ban san ta wa ba.

Na ɗauki sandata. Wani ya buɗe mini ƙofa.

Talata, 1 ga Afrilu

Ban je ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ban je ba. Manaja ya kira sau huɗu. Ya turo saƙo: "Baba muna nan muna jiranka, ka huta sosai, kar ka damu da komai, ka yi hakuri" Babu aya ko ɗaya, kuma ya rubuta "hakuri" a ƙarshe da k. Wannan na gani, don Auta ta ƙara mini girman rubutun waya har kalma uku ke cika fuska.

Na rubuta takardar ajiye aiki. Layi biyar. Na ba mai ɗakina ta sa a ambulan, ta karanta ta ce, "Malam, nan 'na ƙasa' ka rubuta ko 'na kasa'?"

Hannu ya yi rawa, k ɗin ya fito da wutsiya. Ko kasawar ma ban iya rubuta ta daidai ba.

Ta ce, "Shekara talatin kana dawowa gida kana zagin mutanen nan ba su san darajarka ba. Yanzu sun sani, kana zaginsu sun sani. Ni dai ka faɗa mini wanne zan riƙa taya ka."

Ta sa takardar a ƙarƙashin tiren shayi. Tana nan.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Baƙin Mai ya zo gida bayan an tashi. Ko wanke hannu bai yi ba, ya bar mini sawun yatsa a kofi.

"Ƙugiya, zaman me kake yi? Ƙwai kake ƙyanƙyasa?"

Na ce kai ma munafuki ne, ka sani ka yi shiru.

Ya ce, "Na sani mana. Ni na ce musu su gaya maka tun makon farko. Yaron nan Manaja ya ce zuciyarka za ta karye. Na ce wace zuciyar?"

Sai ya ce in saurara. Wai a wata bakwai ɗin da ba na nan, ƙugiya ba ta taɓa ɓata ba, Malama na kama su duka. Amma an buga wa wani kamfanin magani takarda da ke cewa a sha ƙwaya biyu "kafin a ci abinci bayan an ci abinci," kwafi dubu goma, sai da aka ƙone. An buga wani littafi da jarumin ya mutu a babi na huɗu ya dawo yana sayen taya a babi na tara. Duk harafi daidai. Babu wanda ya tsaya ya ce, wai me maganar nan take cewa?

"Ita tana ganin harafi, kai kana jin warin shirme tun daga bakin ƙofa. Hancinka ai bai kamu ba, ko ya kamu?"

Na ce lallashi ya zo yi.

Ya ce, "Ni? Ni so nake ka dawo don in sami wanda zan zaga. Yanzu gidan kowa sai sannu, kamar asibiti. Har ni an fara ce wa sannu."

Da zai tafi ya ce yarinyar ba ta cin abincin rana tun da na dawo, awa biyun nan nata ne na hutu take ƙonawa a kan shafukana. Babu wanda ya sa ta, Manaja daga baya ya sani. Ban tambaye shi wannan ba. Ban ga dalilin da zai faɗa mini ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na gwada zana kura. Sau biyar. Hannu na rawa, duk sun fito kamar tunkiya mai ciwon baya.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na je. Bakwai da rabi, kafin kowa. Na ɗauko shafi na arba'in da biyu daga fayil, na zagaye kurar da biron da aka ce ja ne, na zagaye "Na duba" da sa hannuna, na liƙa tunkiyar tawa a gefe, na manna duka a allon sanarwa. Daidai inda na manna nata. Ramin ƙusar ma yana nan.

Doka doka ce. Ba don kowa na yi ba.

Suka riƙa shigowa suna tsayawa a gaban allon, kowa ya yi tsuru-tsuru kamar an ajiye gawa. Manaja ya kai hannu zai cire, na ce in ka taɓa shi na tafi ke nan. Sai Baƙin Mai ya iso, ya duba, ya duba, ya ce, "Wannan kurar ma em-es gare ta?"

Mai naɗe takarda ce ta fara fashewa. Sai kowa. Har Manaja, yana toshe baki yana satar kallona. Aka yi ta dariya a kaina, a gabana, kamar ni mutum ne.

Ita Kura ba ta yi ba. Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta zo teburina ta ce, "Malam, nawa mako uku ya yi."

Na ce na sani.

Ta ce, "To kada a cire naka kafin nan."

Ashe akwai haƙora. Na ji daɗin sanin haka fiye da shayin.

Yau sannu huɗu kawai.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na hau sama wurin Manaja. Matakala sha bakwai, na ƙi a riƙe ni, minti shida. Yana ta cewa ai da shi ya sauko. Na ce ma'aikaci ke hawa wurin manaja, ko ba a koya maka ba?

Na faɗa masa yadda za a yi. Ni zan fara karantawa, a buga mini da manyan haruffa, in duba ma'ana da ginin jimla da inda marubuci ya yi barci. Daga nan shafin ya tafi wurin Kura, ta bi harafi. A cikin lokacin aiki, ba lokacin cin abincinta ba. Kuma da biro, a daina ɓoye-ɓoyen fensir.

Ya ce, "Madalla, Baba! Sai ya dawo wurinka ka sa hannu."

Na ce a'a.

"Ai don girmamawa ne kawai, kowa ya san..."

Na ce "Na duba" ba lambar yabo ba ce. Wanda ya duba shi ke rubutawa. Wata guda kun sa ina sa hannu a kan ƙarya, kuna shafa mini kai. Ubanka bai saya mini fitila ba, amma bai taɓa yi mini wannan ba.

Idonsa ya kawo ruwa. Abin haushi. Na sauko, minti takwas.

Talata, 15 ga Afrilu

Wani marubuci ya sa rana ta faɗi sau biyu a yini ɗaya, shafi na bakwai da na sha ɗaya. Na kama shi. Na yi masa rubutu a gefe mai zafi. Kura ta karanta ta ce, "Malam, a rage 'jahilci' ɗin nan, mutumin zai gani." Na ce a bar shi. Ta soke da biro a gabana. Na ƙyale ta, ƙafata ce ke damuna.

Takardar ƙarƙashin tire, mai ɗakina ta ce shayi ya zube a kai. Ban nemi wata ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Littafin kimiyya na aji huɗu ya tafi inji yau, na farko a sabon tsari. Malama ta kawo mini fayil ɗin kafin ta kai, ta ce ko zan duba. Na ce me zan duba da shi. Ta tsaya dai. Na buɗe shafin ƙarshe.

Ba ta da jan biro, da shuɗi take aiki. Na buɗe aljihun tebur na ba ta kwalin nawa, saura bakwai a ciki. Ni duk tsatsa nake gani, zama kawai suke yi. Ba wani abu ba ne.

Ta rubuta "Na duba" a tsaye, a gefen teburina, ƙarƙashin fitilar. Na rufe idon dama na kalla. Ja zur. D ɗinta ya fi nawa tsayi, kuma ba ta jan layi a ƙasa.

Kurar tawa tana allo, saura kwana goma sha ɗaya.

Shekara talatin da ɗaya da wata huɗu. "Na duba" ba hannuna ba ne yanzu.